Rami na Tara da Gonar Citta

Akwai wani mutum, sunansa Gayus, wanda aikinsa shi ne haɗa wayoyin sadarwa da ke kwance a ƙarƙashin ƙasa. Ba irin wayar ƙarfe da muka saba gani a kan turaku ba ce. Baƙar igiya ce mai kaurin babban yatsa, a cikinta kuwa akwai zaruruwan gilashi, kowanne bai fi gashin kai kauri ba. Haske ne ke bi ta cikin zaren, shi ne yake ɗaukar gaisuwar mutane da saƙonninsu daga gari zuwa gari. In hasken ya wuce lafiya, wayar hannunka ta yi magana. In ya tsaya a hanya, sai ka ji ana ta cewa babu sabis.

Igiyar nan ba ta da tsawon da za ta kai daga wannan gari zuwa wancan, dole a yi ta haɗi. Saboda haka akan gina ramuka da siminti a bakin hanya, a sa musu murfi mai nauyi. Inda aka yi haɗi, za ka tarar da wani baƙin akwati mai kama da tulu a cikin ramin. Cikin akwatin akwai ƙananan faranta a jere, ɗaya bisa ɗaya, a kansu ake kwantar da zaruruwan bayan na'ura ta narkar da bakinsu sun zama ɗaya. Kowane zare da launinsa, kowane launi da gurbinsa.

A duk yankin ba wanda ya kai Gayus iya shirya akwatin nan. Ba ya barin zare ko ɗaya ya yi lilo. Yakan naɗe, ya kwantar, ya ɗaure da ƙananan maɗaurai na roba, sa'an nan ya ƙara ja har sai ya ji ba abin da ke motsi. Shugabansu, Oga Sila, yakan ɗauki hoton aikinsa ya nuna wa sababbin ma'aikata. Gayus bai taɓa yabon kansa da baki ba, amma a zuciyarsa ya san abin da ya sani.

Ana nan, wata rana wajen ƙarshen damina, sabis ya fara wasa a ƙauyukan da ke bayan dutse. Ya zo ya tafi, ya zo ya tafi, ran nan sai ya ɗauke gaba ɗaya. Aka aiki Gayus ya nemo inda matsalar take.

Ya fara zuwa ɗakin na'urori da ke gindin dogon ƙarfen sadarwa, inda igiyar ta taso. Ya jona na'urar awo. Ita wannan na'ura takan tura haske cikin zare, ta saurari inda ya ƙare, ta faɗi nisan wurin. Ta ce masa hasken ya mutu a kilomita huɗu da mita ɗari shida. Gayus ya rubuta a bayan hannunsa, ya hau babur, ya bi hanya idonsa a kan agogon da ke ƙirga tafiya. Ya wuce rami na ɗaya, na biyu, na uku, ya yi ta wucewa. Ya wuce rami na tara, wanda shi da kansa ya buɗe ya gyara makonni uku da suka wuce, ko rage gudu bai yi ba. Da agogo ya nuna huɗu da ɗari shida, sai ya taka birki.

Ya tsaya daidai gonar Mama Kande.

Mama Kande gwauruwa ce, mijinta ya rasu shekara huɗu ke nan. Gonar tata 'yar siririya ce, ta miƙe a gefen hanya, igiyar kuwa ta bi ta ƙarƙashinta tun daga wannan kai har wancan. Citta ce a ciki, ta yi kore shar, ganyen ya kai gwiwa. A tsakiyar gonar kuma ga wata 'yar hanyar ruwa da aka tona kwanan nan, ƙasar ma ba ta gama bushewa ba.

Da Gayus ya ga wannan, sai zuciyarsa ta ce masa an gama bincike.

Tsohuwar tana sunkuye tana cire ciyawa. Ta ɗago ta gane shi, gama tare da matarsa suke zumuntar mata a ikilisiya, ta kuwa yi rawa a bikinsu har ɗankwalinta ya faɗi. Suka gaisa, ta tambayi amarya, ko da yake amarcin ya kusa shekara biyu. Sa'an nan ya tambaye ta wa ya tona hanyar ruwan. Ta ce ita ce, da fartanyarta, ranar da ruwa ya kwanta mata a gona. Ya gaya mata cewa a nan ne wayar ta tsinke.

Ta dube shi, ta dubi fartanyar. Ta ce, “Ɗana, ina nan ranar da kuka binne abin nan. Mutum yana shiga ramin har ƙugu. Nawa kuwa ko gwiwar hannu bai kai ba. Sai dai in wayar ce ta taso ta tarye ni.”

Gayus ya ce na'ura ba ta ƙarya. Ya bayyana mata da ladabi cewa za a tona a bi igiyar gaba da baya har a ga wurin. Ta tambaya tsawon ina. Ya ce ba a sani ba sai an gani, wataƙila taki hamsin, wataƙila fiye. Dukansu biyu suka dubi gonar. Ba ta da faɗin da mutum goma sha biyu za su shiga da diga su fita su bar wani abu a tsaye.

Sai ta gaya masa abin da ya riga ya sani. Bara cuta ta cinye cittar mutane a duk ƙauyukan nan. Daro biyu kaɗai ta tsira da shi daga irin da mijinta ya bari, shi ne ta shuka a nan. Saura wata biyu ta ƙosa. In aka tone ta yanzu ba za ta yi iri ba, ruɓewa za ta yi. Gida shida na maƙwabta kuma sun riga sun sa rai cewa daga wannan gona za su sami abin shukawa baɗi.

Gayus ya ce ya ji, amma aikin ba nasa ba ne shi kaɗai, ƙauyuka bakwai suna cikin shiru. Ya koma inda waya ke kamawa, ya kira Oga Sila. Oga ya ce gobe da ƙarfe takwas zai zo da masu haƙa, hanyar igiya ta kamfani ce, akwai takarda. Gayus ya dawo ya kafa turaku huɗu a cikin cittar, ya ja igiya tsakaninsu. Mama Kande ba ta hana shi ba. Ta koma ta ci gaba da cire ciyawa a cikin wurin da aka zagaye, kamar ba ta san ma'anar turakun ba. Wannan ya fi masa zafi fiye da a ce ta zage shi.

Da yamma ya gaya wa matarsa, Afiniki. Ta saurara har ya gama. Sa'an nan ta zuba masa tuwo, ya ci loma uku ya ture kwanon.

Kashegari da sassafe yana zaune a bakin ƙofa yana ɗaure takalmin aiki. Afiniki mai ɗinki ce, ta riga ta hau keken ɗinki tun gari bai gama wayewa ba, tana ɗinka siket mai tattara da za a karɓa kafin rana ta yi. Yadi ya taru a cinyarta, tana turawa a hankali. Can sai ta tsayar da ƙafa.

“Injiniya,” in ji ta, gama haka take kiransa in tana so ta tsokane shi. “Wannan na'urar taka da ba ta ƙarya, hanya take aunawa ko waya?”

Ya ce waya mana.

“Babur ɗin fa?”

Ya ce hanya.

“To, ni ban san aikinku ba. Amma ƙugun mai siket ɗin nan inci talatin ne, yadi uku kuwa na sa a ciki. In wani ya auna yadin ya ce ƙugunta ke nan, ai sai ta kai shi ƙara wurin fasto. Ku wayarku a miƙe take sak, ba ta da tattara ko kaɗan?”

Gayus ya tsaya da ɗaure takalmin.

Wayar tana da tattara. A kowane rami sukan bar rarar igiya, kamar mita ashirin da biyar, su naɗe ta su jingina a bango, domin in wata rana aka sami matsala a sami abin ja a sake haɗi. Shi da hannunsa ya naɗe yawancinsu. Na'ura tana ƙirga wannan rara duka, gama haske yana bin kowane naɗi. Babur kuwa wucewa kawai yake yi ta kan murfi. Rami tara ne tsakanin ɗakin na'urori da gonar. Ya lissafa a ransa, ya sake lissafawa. Wurin da hasken ya mutu ba a gonar yake ba. Yana baya da gonar da fiye da mita ɗari biyu.

Abin da ke baya da gonar da mita ɗari biyu kuwa, shi ne rami na tara.

Wannan ba sabon ilimi ba ne a wurinsa, tun shekararsa ta fari a aiki aka koya masa. Amma jiya da ya ga sabuwar ƙasa a gonar wata, hankalinsa bai ƙara neman kome ba. Bai ma yi tunanin ramin ba, domin shi ya shirya shi.

Ya zauna da igiyar takalmi a hannu. Wata murya a ciki ta ce masa ya yi shiru. A tona, ba za a ga kome ba, a ce na'ura ce ta yi kuskure, shi kuma ya zagaya daga baya ya gyara abinsa ba wanda ya sani. Muryar ta yi magana a hankali, da hujja mai kyau. Ya saurare ta har tsawon ɗaure takalmi ɗaya.

Afiniki tana kallon fuskarsa. Ta tambaya, “Akwatin wa ke wurin?”

“Nawa.”

Ta tashi, zare yana maƙale a zanenta, ta ɗauko makullin babur daga kan taga ta sa masa a tafin hannu, ta rufe yatsunsa a kai da nata hannun. Ta ɗan riƙe kafin ta saki.

Bai tafi gonar kai tsaye ba. Ya fara biyawa ta ɗakin na'urori, ya jona wata 'yar tocila mai jan haske a ɗaya daga cikin zaruruwan da suka mutu. Jan hasken nan ido yana ganinsa, duk inda yake zubewa zai nuna. Wannan ya ci masa lokaci. Kafin ya iso, takwas ta wuce. Tun daga nesa ya hango motar Oga Sila a gefen hanya, ga mutum goma sha biyu a jere a bakin gonar, sun tuɓe riguna, wasu suna tofa yawu a tafin hannu. Mama Kande tana zaune a kan kunya, hannuwanta a cinya.

Gayus ya yar da babur ɗin bai ko kafa shi ba. Ya roƙi Oga a dakata.

Oga Sila mutum ne mai ƙiba da gajeren haƙuri, amma ba mugu ba ne. Ya ce, “Jiya kai ka ce nan ne. Yau kuma mafarki ka yi?”

Gayus ya ce bai cire rarar ramuka daga lissafi ba. Oga ya dube shi da mamaki, gama kuskuren ba na mai shekara takwas a aiki ba ne. Ya tambaye shi yaya aka yi ya tuna. Gayus ya ce matarsa ce ta tambaye shi, tana ɗinkin siket.

Masu haƙa suka fashe da dariya. Wani dogo a cikinsu ya ce, “Oga, a ba madam hular kwano, shi a ba shi keken.”

Oga bai yi dariya ba, yana lissafi da yatsu. Da ya gama ya juya ya dubi hanya, ya ce, “Rami na tara ke nan. Gayus, ai naka ne.”

“Nawa ne, Oga.”

“Ka san abin da kake faɗa a gaban mutane?”

“Na sani. A buɗe nawa tukuna kafin a taɓa nata.”

Oga ya ba shi rabin sa'a. Ya ce in ba a ga kome ba, diga za ta shiga, kada wani ya ƙara yi masa maganar siket.

Suka taka zuwa ramin, masu haƙa a biye domin kallo. Mutum huɗu suka ɗaga murfin. Ga rarar igiya a naɗe a jikin bango, daidai yadda ya bar ta. Gayus ya sauka, ya ɗauko akwatin ya ɗora a bakin ramin, ya share laka, ya kwance. Farantan suka bayyana, shuɗi a gurbin shuɗi, kore a gurbin kore, ba ƙura, ba ruwa, ba alamar ɓera. Har dogon nan mai ba'a ya ce kai, wannan kamar kayan ɗakin amarya.

Oga ya ce, “Ka gani? Ba abin da ya taɓa shi.”

Gayus ya buɗe faranti ɗaya bayan ɗaya. Bai ga tsinkewa ba. Ya nemi jan hasken, amma rana ta riga ta ɗaga, tana dukan farantan har suna ƙyalli. Ya kare da hannu, bai isa ba. Ya sunkuya ya kare da jikinsa, hasken rana ya shigo ta gefe. Gumi ya fara ɗiga daga haɓarsa. Oga ya dubi agogo.

Sai inuwa ta sauko a kansa.

Mama Kande ce. Ta biyo su a baya a hankali ba wanda ya lura. Ba ta san abin da yake nema ba, ta dai ga yana faɗa da rana. Ta cire zanen da ta yafa, mai kauri, baƙi da ratsin shuɗi, ta kama gefe ɗaya, ta ce wa dogon ya daina surutu ya kama ɗayan. Suka shimfiɗa shi bisa kan Gayus da akwatinsa kamar rumfa.

A cikin duhun zanen ya gani. Can ƙasa, inda zaruruwan ke shiga faranti na uku, wani ɗan ja yana ci kamar garwashin da ya rage a murhu. Daidai ƙarƙashin maɗaurin roba yake. Zaren bai tsinke ba. Maɗaurin ne ya matse shi, ya tanƙwara shi fiye da yadda gilashi ke jurewa. Zafin rana da sanyin ruwa na makonni uku suka ƙara jan abin, har hasken ya kasa shan kwanar, yana zubewa a wurin.

Gayus ya ce, “Oga, zo ka gani.”

Oga ya durƙusa ya sa kai ƙarƙashin zanen. Ya daɗe yana kallo. Sa'an nan ya ce a hankali, “Ka ɗaure shi kamar akuyar da ta saba gudu.”

Gayus ya ɗauko ɗan almakashinsa, ya sa bakin a hankali, ya datse maɗaurin. Zaruruwan suka ɗan motsa, suka miƙe da kansu kamar mai gyara kwanciya. Jan nan ya dushe, ya ɓace. Ya sake kwantar da su da faɗin naɗi, ya sa sabon maɗauri, ya ja shi kaɗan, ya tsaya tun ɗan yatsansa yana iya motsa su.

Minti ɗaya ya wuce, na biyu ya wuce, na uku. Sai wani abu ya fara kuka a bisa kansu. 'Yar wayar Mama Kande ce, a ƙulle a bakin zanen da aka yi rumfa da shi. Kafin ta kwance ƙullin, aljihun masu haƙa ma sun ɗauka, wannan na ƙara, wancan na kiɗa, saƙonnin kwana biyu suna shigowa a guje. Tsohuwar ta kara a kunne. 'Yarta ce daga birni, tana faɗa don me ba a samunta. Mama Kande ta ce, “Lafiya lau nake. Ina wurin aiki ne da injiniyoyi, zan kira ki.”

Gayus ya zauna a bakin ramin. Ya dubi gonar daga nan. Kore take, iska tana kaɗa ta, diga goma sha biyu suna kwance a gefen hanya ba ƙasa a bakinsu.

Oga Sila ya sallami masu haƙa. Ya gaya wa Gayus cewa duk akwatin da ya taɓa ɗaurewa a kan wannan hanya, zai bi su ɗaya ɗaya ya sassauta, ko zai kai shi Kirsimeti. Gayus ya ce to. Bai taɓa jin daɗin wani horo kamar wannan ba.

Sa'an nan ya je gaban Mama Kande ya durƙusa, ya ce ya ɗora mata laifin da ba nata ba, ta gafarta masa.

Ta gama ƙulle wayarta a bakin zane, ta yafa. Ta ce, “Tashi, ɗana, wandonka zai ɓaci, Afiniki ce za ta sha wanki. Na yafe tun jiya, kwana ne dai ban yi ba. Je ka cire mini turakun nan, ka kuma bi ta kan kunya, kada ka taka mini ko ɗaya.”

Ya shiga gonar yana ɗaga ƙafa kamar mai tafiya cikin ɗakin da jariri ke barci. Ya tumɓuke turakun huɗu, ya naɗe igiyar, ya cike ramukan da hannunsa.

Ga ma'anar wannan misali, 'yan'uwa ƙaunatattu.

Hasken da ke bi ta cikin zaren, shi ne ƙauna da alherin da Allah yake aikowa ta wurinmu zuwa ga waɗansu. Ba mu muka yi shi ba, hanya ce kawai mu. Akwatin da farantansa kuwa su ne mutanen da Ubangiji ya sa a hannunmu mu lura da su: 'ya'yanmu, mata ko miji, ƙannenmu, yaran ajinmu na ranar Lahadi, har da 'yan ƙungiyar mawaƙa ga wanda yake bi da su.

Ku lura, Gayus ba malalaci ba ne. Bai yi sakaci ba, bai yi sata ba. Ya ƙaunaci aikinsa, tsari kuwa abu ne mai kyau, in ba shi ba wanda zai san wane zare ne na wane gari. Inda ya faɗi shi ne jan maɗaurin nan na ƙarshe, wanda yakan ƙara bayan abu ya riga ya zauna. Yawancinmu mun san wannan ja. Yarinya ta amsa laifinta, amma sai mun ƙara maimaita mata a gaban baƙi. Miji ya dawo gida lafiya, amma sai ya ba da labarin kowane minti. Matar aure ba ta da ikon yin dariya da 'yan'uwanta sai an tambayi dalili. Daga waje gidan yana da kyau, har ana misali da shi a ikilisiya. A ciki kuwa ba abin da ya tsinke, ba wanda ya gudu, ba wanda ya yi rashin kunya. Murna ce kawai take zubewa a inda aka matse, kaɗan kaɗan, har wata rana a wayi gari gidan ya yi shiru.

Sa'ad da shirun ya zo kuma, me mukan yi? Mukan hau babur mu wuce namu ramin ba ma rage gudu. Mukan ce abokai ne suka lalata shi, makaranta ce, maƙwabciya ce, dangin miji ne. Kullum akan sami wani mai sabuwar ƙasa a gonarsa wanda za a nuna. Sau da yawa kuma marar ƙarfi ne, wanda ba shi da mai tsaya masa.

Amma ba domin mu tafi gida da nauyin zuciya aka ba da misalin nan ba. Ku tuna abin da aka tarar a ramin: zaren yana nan lafiya. Ba a bukaci sabuwar igiya ba, ba a bukaci diga ba, almakashi ƙarami ya isa. Da yawa daga cikin abin da muke kuka a kai muna cewa ya lalace, bai lalace ba, jira yake a sassauta masa. Ubangijinmu ma haka yake riƙe da mu. Ya sa kowannenmu a gurbinsa, bai bar mu muna lilo ba, amma bai taɓa matse mu har mu kasa numfashi ba. In kuwa muka yarda muka ce a buɗe namu tukuna, yakan aiko da mai yi mana inuwa mu gani, wani lokaci ma shi ne mutumin da muka zarga.

Saboda haka a wannan mako, in akwai wanda ya yi shiru a gidanka, kada ka yi saurin kiran masu haƙa. Zauna kusa da shi, ka tambaye shi a hankali ko akwai inda hannunka ya yi masa nauyi. In ya faɗa, kada ka kare kanka. Ka sassauta, sa'an nan ka ɗan jira. Ba nan take akan ji muryar ta dawo ba, amma tana dawowa.

Ubangiji ya ba mu hannu mai riƙewa ba tare da matsewa ba. Amin.